Camry Haifaffiyar Amurka, Buick Haifaffiyar Sin: Wace Ce 'Yar Gida?

Wanda ya taɓa shiga wajen dillalan motoci a Kano ko Kaduna yana neman ƙaramar mota marar shan mai, da wuya a ce ba a nuna masa Pontiac Vibe ba. Da ya ɗan ja da baya ya ce shi fa ba ruwansa da motar Amurka, kayan gyaranta wuyar samu, sai dillali ya ɗaga bonet ya buga hannu a kan injin ya ce, "Alhaji, duba da kyau. Wannan ai Toyota ce, suna kawai aka sauya mata." Mai saye yakan ɗauka daɗin baki ne irin na dillalai, amma a wannan karon maganar tana da tushe. An ƙera Vibe a garin Fremont na jihar California, a wata masana'anta mai suna NUMMI wadda General Motors da Toyota suka buɗe tare a 1984. Injinta na Corolla ne, ƙirarta ta ciki ɗaya da ta Toyota Matrix, tambarin da ke goshinta kuwa na Pontiac ne, ɗaya daga tsofaffin sunayen General Motors. Daga wannan masana'anta ma an riƙa loda ta a jirgin ruwa zuwa Japan, sitiyarinta a dama, a sayar da ita can da sunan Toyota Voltz. Bajapane ya sayi Toyota da aka kawo masa daga Amurka, Ba'amurke kuma ya sayi Pontiac yana jin ya tallafa wa na gida, alhali ma'aikata ɗaya suka ɗaura musu taya. A 2010 aka rufe NUMMI, aka binne sunan Pontiac, Tesla ta sayi ginin.

A wajenmu, tambayar ko Vibe 'yar ina ce ba ta wuce hirar bakin gareji ba. A Amurka kuwa da ita ake yaƙin neman zaɓe, a kanta ake rubuta doka, har ta taɓa cin rai. Lokacin da man fetur ya yi tsada a 1973, ya sake yi a 1979, Amurkawa suka fara guje wa zabga-zabgan motocin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, masu kwankwaɗar mai, suka koma wa ƙananan motocin Japan. A 1980 Japan ta wuce Amurka wajen yawan motocin da ake ƙerawa. Masana'antu suka yi ta sallamar ma'aikata, rai ya ɓaci. A watan Yunin 1982, a yankin birnin Detroit, wasu mutum biyu da suka ci abinci a harkar motoci suka yi wa wani matashi mai suna Vincent Chin dukan da ya zama ajalinsa. Shi ɗan asalin Sin ne, ba ma Bajapane ba, kuma alƙalin da ya fara sauraron shari'ar tara ya ci su, ya yi musu ɗaurin talala, bai tura kowa kurkuku ba.

Kafin wannan, a 1981, gwamnatin Ronald Reagan ta matsa wa Japan har ta yarda ta taƙaita motocin da take aikawa Amurka zuwa miliyan 1 da dubu 680 a shekara. Detroit ta ɗauka ta huta, ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Tunda an ƙayyade yawa ba a ƙayyade kuɗi ba, sai Japanawa suka koma aika motoci masu tsada; Acura ta Honda ta fito a 1986, Lexus ta Toyota a 1989. Sannan suka tsallako da masana'antunsu gaba ɗaya. A Nuwamban 1982 Accord ta farko ta fito daga masana'antar Honda a Marysville ta jihar Ohio. Nissan ta buɗe tata a Smyrna ta Tennessee a 1983, Toyota ta fara ƙera Camry a Georgetown ta Kentucky a 1988. Jamusawa suka biyo baya, BMW a South Carolina a 1994, Mercedes a Alabama a 1997, sai Hyundai ta Koriya ita ma a Alabama a 2005. Masana'antar BMW ta South Carolina ita ce mafi girma da kamfanin yake da ita a duniya, har ta fi na Jamus ɗin, kuma shekara da shekaru ita ce kan gaba wajen darajar motocin da ake fitarwa daga Amurka zuwa waje. Attajirin Munich na Jamus da ya sayi BMW X5, motar da aka shigo da ita ya saya.

Wannan tarihin yana rubuce a jikin motocin da ke kan titunanmu. A ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, akwai ɗan ƙaramin allo mai haruffa da lambobi 17, lambar shasin da jami'in kwastam yake fara dubawa. Alamar farko ita ce ke faɗin ƙasar da aka harhaɗa motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka ke nan, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya, W Jamus, L Sin. In ka bi layin motocin Beljiyam a kowace kasuwa kana leƙa wannan allo, za ka ga Camry da yawa sun fara da 4T1, wato Kentucky. Accord ta fara da 1HG, wato Ohio. Corolla wata 2T1 daga Kanada, wata 1NX daga Fremont. Sienna da 'yan haya suke ji da ita, a Amurka aka ƙera ta don iyalan Amurka. Yawancinsu daga gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka biya diyyarsu suka taso, suka sauka a Legas ko Kwatano, wasu suka bi ta Gaya da Maraɗi kafin su iso. Bakanike zai ce maka "ƙirar Japan ce, ba ta da matsala," alhali motar ba ta taɓa shaƙar iskar Japan ba. Hilux ma ba lallai ta fito daga can ba, Thailand da Afirka ta Kudu ne manyan gidajenta.

Su kuma kamfanonin Detroit hanyar fita suka kama. Ford ta ƙera Fusion a Hermosillo na Meziko, can kuma take ƙera Maverick da Bronco Sport. Manyan a-kori-kura na Ram daga Saltillo suke fitowa, shi ma Meziko. General Motors tana kawo Chevrolet Trax daga Koriya ta Kudu, tana kawo Buick Envision daga Sin. Daga cikin sababbin motoci kusan miliyan 16 da aka sayar a Amurka a 2024, kusan rabi daga waje aka shigo da su, kuma kaso mai tsoka a ciki tambarin Amurka ne a goshinsu.

To sai wani ya ce a bar batun inda aka ƙera, a duba mai kamfanin, tunda wurinsa riba take komawa. Nan ma ƙasa ba ta da tauri. Chrysler, ɗaya daga manyan ukun Detroit, ta shiga hannun Daimler na Jamus a 1998, ta koma hannun Fiat na Italiya bayan 2009, tun 2021 kuma tana cikin Stellantis, wanda hedikwatarsa take Holan. Ma'ana Jeep da Peugeot, Fijo ɗin da muka sani, uban gidansu ɗaya yanzu. Jaguar da Land Rover na Tata ne na Indiya tun 2008. Volvo ta Geely ce ta Sin tun 2010. Rolls-Royce da Mini na BMW ne, Bentley na Volkswagen. Ita kanta Mercedes-Benz, manyan masu hannun jarinta biyu daga Sin suke, kowanne da abin da ya kusa kashi 10 cikin 100, gwamnatin Kuwait na biye. Kuma ko an gano mai kamfanin, ribar da kamfanin motocin gama-gari yake ci galibi ba ta kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin mota ba. Sauran ya tafi wajen ƙarfe da sassa da albashi da sufuri da dillalai. Wanda ya bi sawun riba kaɗai, ya bar babban rabon a baya.

Babban rabon yana cikin sassa. Mota ɗaya tana ɗauke da sassa kusan dubu 30 in an haɗa da kusoshi, kuma mafi yawansu ba mai tambarin ne ya yi su ba. Giya mai hawa takwas ta kamfanin ZF na Jamus tana cikin BMW, tana cikin Jeep, tana cikin Range Rover da Rolls-Royce. Toyota Supra da ta dawo a 2019 injin BMW ne a cikinta, kuma a garin Graz na Ostiriya aka harhaɗa ta, a masana'antar wani kamfani ɗan kwangila mallakar 'yan Kanada. Ba a cika ganin wannan sarƙa ba sai ta tsinke. Da girgizar ƙasa ta auka wa Japan a 2011, Ford ta dakatar da karɓar odar wasu launuka na baƙi da ja, saboda masana'anta ɗaya tilo da ke yin sinadarin da ke sa fentin ƙyalli tana yankin da abin ya shafa. Da Rasha ta shiga Yukren a 2022, layukan Volkswagen da BMW a Jamus suka tsaya, saboda a yammacin Yukren ake ɗaure damin wayoyin lantarkin da ke ratsa jikin motocinsu.

Tunda ƙarfen ba zai faɗi ƙasarsa ba, sai hukuma ta faɗa masa. Kuma hukumomin Amurka ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Abin ya yi kama da yaron da aka haifa a Kano, uban Bakatsine, ya tashi a Jos: wajen neman takardar ƙaramar hukuma amsa ɗaya ce, wajen neman aure wata ce, wajen rajistar zaɓe kuma wata daban, kuma babu ta ƙarya a ciki. Akwai dokar 1992 da ta wajabta liƙa takarda a gilashin kowace sabuwar mota, mai nuna inda aka harhaɗa ta, inda injin da giya suka fito, da kason sassan gida. Sai dai a lissafin wannan doka Kanada gida ce. Ba a sa ladan ma'aikatan da suka harhaɗa motar a cikin kason ba. Sannan in wani kamfani na daban ya kawo sashen da kashi 70 cikin 100 na darajarsa na gida ne, sai a lissafa shi kamar duka na gida ne. Mai saye yana ganin lamba ɗaya a gilashi, bai san irin dambarwar da aka sha a majalisa kafin a yarda da yadda za a fitar da ita ba.

Da an ja layi, lauyoyin kamfani sukan zauna su ga ta wane gefe ya fi riba a tsaya. Dokar tsimin mai ta Amurka ta raba motocin kowane kamfani gida biyu, na gida da na waje, kowane rukuni sai matsakaicin shan mansa ya cika ƙa'ida. 'Yar gida ita ce mai kashi 75 cikin 100 na kayan gida. A da Ford tana da Crown Victoria, ƙatuwar motar da 'yan sandan Amurka da 'yan tasin New York suka yi suna da ita, mai shan mai ba kaɗan ba, tana ɓata wa rukunin gida lissafi. A samfurin 1992 sai kamfanin ya sayo wasu sassanta daga Meziko da wasu ƙasashe da gangan, har kason gida ya sauka ƙasa da 75. Motar ta zama baƙuwa a takarda, aka haɗa lissafinta da na 'yar ƙaramar Festiva da Kia take ƙera wa Ford a Koriya, ƙa'ida ta cika. Motar da ta fi kowace kama da Amurka, a Kanada ake harhaɗa ta, wannan bai hana ta zama 'yar gida ba. Abin da ya mayar da ita baƙuwa shi ne mai ita ya ga hakan ya fi masa.

Labarin da ya fi wannan ban dariya daga kaji ya faro. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai suka ƙara kuɗin fito a kan kajin Amurka masu araha. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin 100 a kan wasu kayayyaki, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, da nufin a ji wa Volkswagen ciwo. Ya fara aiki a 1964. Rigimar kaji ta wuce tuntuni, harajin yana nan, kuma shi ne katangar da ta tsare wa Detroit kasuwar a-kori-kura, inda ta fi samun kuɗi. Motar fasinja kuwa kashi 2.5 kacal take biya a wancan tsari. Sai Subaru ta Japan ta dasa kujeru biyu na roba a bayan a-kori-kurarta mai suna BRAT, a fili babu rufi, ta ce ai motar fasinja ce. Mercedes ta riƙa kammala motar kayanta Sprinter a Jamus, ta kwance wasu sassa, ta aika su daban, a sake ɗaurawa a South Carolina. Ita kuwa Ford, wadda aka gina katangar dominta, ita ma ta haura: ta riƙa ƙera Transit Connect a Turkiyya, ta sa mata kujerun baya, ta wuce kwastam a matsayin motar fasinja, da an fita a cire kujerun a sayar da ita motar kaya. Kwastam ta ƙi yarda, aka yi shekaru ana shari'a, a Maris ɗin 2024 Ford ta amince ta biya dala miliyan 365.

Yarjejeniyar cinikin Amurka da Kanada da Meziko ita ma tana da nata ma'aunin. A ƙarƙashin NAFTA, da ta fara aiki a 1994, mota tana ƙetare iyaka ba haraji in kashi 62.5 na darajarta daga ƙasashen uku ne. Wadda ta gaje ta a Yulin 2020 ta ɗaga shi zuwa 75, ta ce kashi 70 na ƙarfe da alminiyam su zama na yankin, ta kuma ƙara wani sharaɗi da ba a saba gani ba: kashi 40 zuwa 45 na motar sai an yi shi a inda ma'aikaci ke samun aƙalla dala 16 a awa. Wannan sharaɗi ba ƙasa yake aunawa ba, albashi yake aunawa, kuma kowa ya san Meziko aka nufa. Da Donald Trump ya ɗora harajin kashi 25 a kan motocin waje a Afrilun 2025, dole aka keɓe cewa motar da ta cika sharuɗɗan yarjejeniyar, ɓangarenta da ba na Amurka ba kaɗai za a caje, don sashe ɗaya yakan ƙetare iyaka sau da dama kafin ya zauna a jikin mota. Bayan 'yan watanni aka daidaita da Japan a kan kashi 15. Waɗanda suka fara kuka su ne kamfanonin Detroit, suna cewa motar da aka ƙera kaf a Japan za ta iya shigowa da sauƙi fiye da tasu da ta fito daga Meziko ɗauke da sassan Amurka.

Ga ɗan UAW, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan motocin Amurka, kuwa, duk wannan lissafi ba shi ne ba. A wasu ofisoshin ƙungiyar akwai allon da ke hana ajiye motar waje a harabarsu, kuma Camry ta Kentucky tana cikin waɗanda ake nufi, motar da 'yan ƙungiya suka harhaɗa a Kanada kuwa ba ta ciki. Dalili shi ne yawancin kamfanonin waje jihohin kudu suka zaɓa, inda doka ta raunana ƙungiyoyin ƙwadago. Sai a Afrilun 2024 ma'aikatan Volkswagen na Chattanooga ta jihar Tennessee suka kaɗa ƙuri'ar shiga UAW. Wata ɗaya bayan nan na Mercedes a Alabama suka ƙi. Gwamnati kuma ranar wuya take nuna wanda ta ɗauka nata. A durƙushewar tattalin arziƙi ta 2008 zuwa 2009 Washington ta zuba kusan dala biliyan 80 don ceto General Motors da Chrysler da kamfanonin bashinsu. Faransa ta ranta wa Renault da Peugeot yuro biliyan 3 kowanne, bisa alkawarin ba za su rufe masana'anta a cikin Faransa ba. Wannan hujja ce mai nauyi ga masu cewa hedikwata tana da muhimmanci: in ruwa ya ƙare wa ɗan kada, reshen da ke nesa ake fara sarewa, kuma manyan injiniyoyi da masu zane galibi kusa da hedikwata suke zama.

Su ma masu zanen daga ko'ina suke. Samfurin gwaji na Chevrolet Volt, motar da General Motors ta yi tutiya da ita bayan an ceto ta, Jelani Aliyu ne ya zana siffarsa, Basakkwace. Da aka fara ƙera ta a Detroit a 2010, ƙwayoyin batirinta daga LG na Koriya suke zuwa, injinta daga Ostiriya. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, inda wannan tambaya take da nata tsohon tabo.

A 1975 masana'antar Peugeot ta fara aiki a Kakuri, Kaduna, ɗaya daga cikin shida da gwamnatin tarayya ta kafa da haɗin gwiwar Turawa: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Tashar jiragen ruwan Legas ta cushe a wancan lokacin, har aka riƙa ɗauko sassan Peugeot a jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. 504 ta zama motar gwamnati, motar bashin ma'aikaci, motar haya daga Kano zuwa Maiduguri, kuma ba wanda yake mata kallon baƙuwa. Ba a banza ba: dubban mutane suna cin abinci a jikinta, ana samun taya da batir da gilashi da kujeru a cikin ƙasa. Amma injin da giya da farantan ƙarfen jiki daga Faransa suke zuwa, da kuɗin Faransa ake biya. Da aka karya darajar naira a 1986, farashin akwatunan sassa ya tashi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, Beljiyam ta cike gurbin. Ajaokuta da aka sa ran za ta ba da ƙarfe ba ta kammalu ba. Michelin ta rufe masana'antar tayarta a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008. A ganina nan ne ma'aunin da ya fi kowanne faɗin gaskiya ya bayyana: in kuɗin ƙasa ya faɗi, ko jirgi ya daina zuwa, nawa daga cikin motar za a iya ci gaba da yi? 504 'yar gida ce a zuciyar mutane da wajen ba da aiki, amma a wannan ma'auni cibiyarta ba ta taɓa yankewa daga Faransa ba.

Manufar motoci ta 2013 ta sake gwada sa'a da haraji: kashi 35 na fito da wani kashi 35 na ƙari a kan motar da aka kammala a waje, sassan harhaɗawa kuwa kaɗan ko ba komai. Kamfanoni da dama suka karɓi lasisi. Sai dai irin dabarar Sprinter ba Jamusawa kaɗai suka iya ta ba. Tsarin ya yarda da harhaɗawa mai sauƙi, inda jikin mota yake zuwa a walde, an yi masa fenti, a nan sai ɗaura taya da bamba da kujeru da injin da ya zo a akwati. Wannan aiki ne na mutum kaɗan, ba ya haifar da mai yin birki ko mai narka ƙarfe, mai saye kuma shi ke biyan tsadar. A dokar kuɗi ta 2020 aka zabge harajin ƙarin, masu harhaɗawa suka ce an yi musu yankan baya. Innoson na Nnewi shi ma yana shan gori cewa injinsa daga waje yake zuwa, don haka ba ta Najeriya ba ce. Wannan gori bai yi adalci ba, don babu motar da za ta tsallake shi a duniya, har da Volt. Abin da ya kamata a tambayi Innoson, da masana'antar Peugeot ta Dangote a Kaduna, da duk mai cin rangwamen kwastam, shi ne me yake saye a cikin ƙasa bana wanda bara daga waje ya kawo shi.

Maroko ta bi wata hanya. Ba ta damu da sai ta ga nata tambari a goshin mota ba. Renault ta buɗe babbar masana'anta a Tanja a 2012, Peugeot ta buɗe a Kenitra a 2019 har da yin injin, gwamnati kuma ta dage wajen jawo masu yin sassa, na wayoyi da kujeru da gilashi, su kafa a kusa. Dacia Sandero da ake ƙerawa can, suna na Romaniya, mallakar Faransa, ita ce motar da aka fi saye a Turai a 2024, kuma harkar motoci ta shiga sahun gaba a kayan da Maroko take fitarwa. Ba Bature ɗaya da zai kira Sandero motar Maroko, amma aikin hannun 'yan ƙasa da ke cikinta ya fi na motoci da yawa da ake yi wa bikin "ƙirar gida" a Afirka.

Motar lantarki ta sake dagula lissafin, domin a cikinta batir ne ya maye gurbin injin wajen tsada, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar, kuma Sin ce take yin mafi yawan batiran duniya. Dokar Amurka ta 2022 da ta ba mai sayen motar lantarki rangwamen dala 7,500 ba ta tsaya a inda aka harhaɗa ba, sai da ta bi diddigin inda aka haƙo ma'adinan batirin da inda aka tace su. Tarayyar Turai ta ɗora ƙarin haraji a kan motocin lantarkin da aka ƙera a Sin a Oktoban 2024, kuma ya faɗa kan kowa daidai da tallafin da aka ce ya samu daga Beijing: Tesla ta Shanghai kashi 7.8, sai kamfanonin Sin biyu, BYD kashi 17, SAIC kashi 35.3. SAIC shi ne mai MG, tsohon sunan Ingila da har yanzu wasu masu saye suke ɗauka na Ingila ne. BYD ta yi abin da Honda ta yi shekara 40 da suka wuce, ta kama gina masana'anta a Hungary, a cikin katangar.

Amurka ta hango wannan, sai ta fito da ma'aunin da gina masana'anta ba ya warware shi. A Janairun 2025 ma'aikatar kasuwancinta ta kafa ƙa'idar da ta hana sayar da motar da ke haɗe da intanet in manhajar sadarwarta ko ta tuƙa kai ta fito daga hannun Sin ko Rasha, daga samfurin 2027, na'urorin kuma daga samfurin 2030. Hujjarsu ita ce motar yau tana da kyamara da makirfo, tana sanin duk inda ta je, kuma wanda ya rubuta manhajar zai iya taɓa ta daga nesa. Ƙa'idar ta haɗa da kamfanonin da ke ƙarƙashin ikon Sin ko da a cikin Amurka suke ƙera motar. Volvo tana da masana'anta a South Carolina tun 2018, hedikwatarta a Gothenburg ta Suwidin, ma'aikatanta Amurkawa, a wannan masana'anta ma ta harhaɗa motar lantarki ta Polestar 3. Lambar shasin motocin tana cewa Amurka, takardar gilashi tana cewa Amurka, amma tunda mafi yawan hannun jarin na Geely ne, ƙa'idar ta ce sai an nemi izini na musamman daga Washington kafin a sayar da su a garin da aka ƙera su.